Mai Ƙamus Da Masu Harshe

Cikin shekara ta 2019 hukumar birnin Da Nang, wanda ya ke bakin teku a tsakiyar ƙasar Biyetnam, ta kawo shawara a sa wa waɗansu tituna biyu sunayen Turawa biyu, malaman addinin Kirista, waɗanda suka zauna a ƙasar tun wajen shekara 400 da suka wuce. Ɗaya shi ne Francisco de Pina, ɗayan kuwa Alexandre de Rhodes. Hujjar hukumar ita ce, baƙaƙen da mutanen Biyetnam su ke rubutu da su yau, tun daga takardar haraji har zuwa littafin ɗan makaranta, daga hannun mutanen nan da abokan aikinsu suka fito. Ba a jima ba sai waɗansu malaman tarihi da marubuta suka aika da takardar ƙin yarda. Suka ce de Rhodes ba shi ne ya ƙago baƙaƙen ba, sa'an nan kuma shi ne ya share wa Faransa hanya har ta zo ta mallaki ƙasarsu. Gardama ta yi tsanani cikin jaridu, har hukuma ta ga ya fi kyau ta jingine maganar.

Watakila mai karatu ya ce, ina ruwanmu da gardamar titi a ƙasar da ta ke can gabas da Indiya, kudu da Sin? To, ruwanmu shi ne, baƙaƙen nan da ka ke karanta wannan jarida da su, su ma baƙo ne ya kawo su, kuma har yau ba mu gama shirya wa kanmu yadda za mu ɗauke su ba. Saboda haka ya kamata mu duba labarin mutumin nan da kyau. Addininsa ba shi mu ke aunawa a nan ba, aikin alƙalaminsa mu ke aunawa. Ra'ayinmu kuwa shi ne, de Rhodes ya cancanci yabon mai tattarawa da tsarawa da bugawa, kuma wannan ba ƙaramin yabo ba ne. Amma abin da ya mai da aikinsa rubutun ƙasa, masu harshen ne suka yi shi da kansu, bayan shekara 250, domin wata bukata tasu wadda shi bai taɓa tunaninta ba.

Asalinsa Da Tafiyarsa

An haifi de Rhodes a birnin Avignon cikin farkon shekarun 1590. Yau birnin nan cikin Faransa ya ke, amma a wancan zamani ƙarƙashin mulkin Paparoma ya ke, watau de Rhodes ba talakan Sarkin Faransa ba ne. A riƙe wannan, gama za mu komo kansa. Cikin 1612 ya tafi birnin Rum ya shiga ƙungiyar Jesuit. Ita wannan ƙungiya ta limaman ɗarikar Katolika ce, wadda Ignatius Loyola ya kafa, Paparoma ya amince da ita cikin 1540. An san 'yan ƙungiyar da buɗe makarantu da naci wajen koyon harsunan mutanen da suka je wa wa'azi.

Burin de Rhodes shi ne ya tafi Japan. Cikin 1619 ya shiga jirgin ruwa a Lisbon, suka kewaye Afirka ta kudu, ya sauka Goa a Indiya, daga nan ya isa Makau, mashigin Fotugal a gaɓar Sin, cikin 1623. Amma tun 1614 masu mulkin Japan sun kori malaman Kirista sun rufe musu ƙofa. Sai manyansa suka juya shi zuwa Biyetnam, ya sauka can ƙarshen 1624.

Ya tarar da ƙasar a rabe biyu. Akwai sarki na gidan Le, amma sarautarsa ta suna ce kawai. Arewa, wadda Turawa su ke kira Tonkin, tana hannun gidan Trinh, kudu kuwa tana hannun gidan Nguyen, kuma daga 1627 gidajen nan biyu suka shiga yaƙi da juna. Ko wannensu yana bukatar jiragen Fotugal da kayan da su ke kawowa, musamman bindigogi. Saboda haka in jirage suna zuwa a kan yi haƙuri da malaman Kirista, in sun daina zuwa haƙuri ya ƙare. Wannan shi ne sirrin yawan karɓa da kora da za mu gani cikin labarinsa.

Abin da ya fara karo da shi shi ne harshe. Bahaushe ba zai sha wuyar gane matsalar ba, gama mu ma muna da ita. Rubuta kalmar nan "kuka" ka miƙa wa mutum, ba zai san ko itacen nan na miya ka ke nufi ko zubar da hawaye ba, sai ya ji yadda murya ta hau ko ta sauka, ko kuwa ya ga sauran magana. Mutanen Biyetnam kuwa karin sautinsu har iri shida ne, kuma galibin kalmominsu gaɓa ɗaya ce. Gaɓar nan "ma", in an faɗe ta da murya a miƙe ma'anarta fatalwa, in an canja karin ta zama kunci, ko kabari, ko doki, ko shukar shinkafa, ko kuwa kalmar nan "amma". De Rhodes da kansa ya ba da labari cewa sa'ad da ya fara jin mutane suna zance sai ya ji kamar kukan tsuntsaye, har ya fid da rai ga koyon harshen.

Mutum biyu suka fisshe shi. Na fari shi ne Francisco de Pina, mutumin Fotugal, wanda ya riga shi zuwa tun 1617, kuma shi ne cikinsu ya fara yin wa'azi ba tare da tafinta ba. Shi ya soma gwada rubuta harshen da baƙaƙen Turawa, shi ya zama malamin de Rhodes, amma kwana ya ƙare masa da wuri, ya nutse a teku cikin Disamba 1625, ba nisa da Da Nang ɗin nan. Na biyu kuwa wani yaro ne ɗan ƙasa. De Rhodes ya ce cikin mako uku yaron nan ya koya masa karin sautin harshen duka, alhali kuwa ba su jin maganar juna. A tuna da yaron nan.

Cikin Maris 1627 aka aiki de Rhodes arewa. Ya kai wa mai mulkin ƙasar, Trinh Trang, gaisuwar agogo da littafin lissafi, aka ba shi izinin zama a babban birni, inda Hanoi ta ke yau. Ya sami mabiya dubbai. Amma wa'azinsa na hana auren mace fiye da ɗaya bai yi wa manyan fada daɗi ba, ga kuma zargin cewa yana yi wa abokan gaba na kudu leƙen asiri. Cikin 1630 aka kore shi. Kafin ya fita ya yi wata dabara wadda ta nuna hangen nesansa: ya zaɓi waɗansu 'yan ƙasa masu ilmi, ya ɗaure su da alkawari, ya bar musu riƙon jama'a. Ya yi shekara 10 a Makau yana koyarwa, sa'an nan cikin 1640 ya koma kudancin Biyetnam, ana korarsa yana komowa. Cikin 1644 aka kashe wani saurayi almajirinsa mai suna Andre a gaban idonsa saboda ya ƙi barin addinin. Cikin 1645 shi ma aka yanke masa hukuncin kisa, daga baya aka sassauta aka mai da shi kora ta har abada. Bai sake taka ƙasar ba.

Tafiyarsa ta komawa Turai ta ci shekara uku da rabi. Ya bi ta Malaka da tsibirin Jawa, inda mutanen Holan suka ɗaure shi a kurkuku saboda ya yi ibadar Katolika a garinsu, ya bi ta Indiya da Farisa da ƙasar Turkawa, ya isa Rum cikin 1649. Ya roƙi Paparoma ya aika da bishop-bishop Biyetnam domin su naɗa limamai 'yan ƙasa, gama ya ga baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba. Fotugal ta ƙi, don tana ganin al'amarin coci a Gabas hakkinta ne. Sai ya tafi Paris neman mutane, kuma daga ƙoƙarin nan nasa ƙungiyar mishan ta Paris ta samo asali wajen 1660. Shi kuwa ba a bar shi ya koma Gabas mai nisa ba, aka tura shi Farisa. Ya rasu a birnin Isfahan cikin Nuwamba 1660, can kabarinsa ya ke.

Littattafansa

Cikin 1651 aka buga masa littafi biyu a Rum. Na ɗaya ƙamus ne na harshe uku, watau na Biyetnam da na Fotugal da Latin, mai kalmomi wajen 8,000, haɗe da taƙaitaccen nahawu. Na biyu littafin koyar da addini ne wanda ya kasa shi darasin kwana takwas, Latin a gefe ɗaya, harshen Biyetnam a gefe ɗaya. Waɗannan su ne littattafai na fari da aka buga cikin harshen nan da baƙaƙen Turawa. Banda su ya rubuta tarihin Tonkin, da labarin tafiye-tafiyensa wanda ya fito a Paris cikin 1653.

Gwanintar tsarin da ke cikin ƙamusun nan ita ce, bai bar karin sauti ga hankalin mai karatu ba. Kari biyar ko wanne yana da alamarsa a bisa wasali ko ƙarƙashinsa, na shida kuwa rashin alama shi ne alamarsa. Saboda haka wanda ya koyi baƙaƙen zai karanta kalmar da bai taɓa ji ba, ya faɗe ta daidai. Malaman makaranta da suka sha wahalar koya wa yaro bambancin "gari" na tuwo da "gari" na zama, alhali rubutunsu ɗaya, sun san darajar wannan.

Har wa yau ƙamusun yana da wani amfani wanda mai shi bai nufa ba. Tun da ya ke ya rubuta abin da kunnensa ya ji, sai ya adana mana yadda a ke furta harshen a zamaninsa. Kalmar da ke nufin sama, wadda yau a ke rubutawa "trời", shi "blời" ya rubuta ta, gama haka mutane su ke faɗi a lokacin. Sautukan nan na bl da tl da ml duk sun ɓace daga bakin jama'a, amma suna nan cikin littafinsa, kuma masu binciken tarihin harshen da shi su ke aiki har yau. Haka nan tarihinsa na Tonkin da labarin tafiyarsa, sun bayyana yadda a ke tara mayaƙa, da karɓar haraji, da jarrabawar ma'aikata, da yadda masu magani su ke gane ciwo ta taɓa jijiyar hannu. Masu tarihin Biyetnam, har waɗanda ba su ƙaunarsa, ba su rasa buɗe littattafan nan.

Abin Da Masu Suka Su Ke Faɗi

Suka na fari shi ne ba shi ya ƙago rubutun ba. Wannan gaskiya ne, kuma shi da kansa ya riga kowa faɗi. Cikin gabatarwar ƙamusun ya ambaci de Pina a kan shi ne malaminsa, ya kuma ce ya yi aiki da ƙamus biyu na hannu waɗanda Gaspar do Amaral da Antonio Barbosa suka rubuta, dukansu mutanen Fotugal, shi kuwa ya ƙara Latin. Rubutun kansa shaida ne, gama har yau yana ɗauke da kamannin rubutun Fotugal, kamar yadda a ke haɗa n da h domin sautin "ny". Waɗanda suka kumbura sunansa har suka mai da shi uban rubutu shi kaɗai, Faransawan zamanin mulkin mallaka ne, domin yana yi musu daɗi a ce mutumin da ke jin harshensu shi ya kawo wa ƙasar haske. Cikin 1941 har dutsen tunawa aka kafa masa a Hanoi. Laifin wannan ƙari yana wuyan masu ƙarin. Amma kuma a lura, ƙamus biyun nan na hannu sun ɓace, nasa da aka buga shi ya wanzu. Wanda ya tattara aikin da ke shirin salwanta, ya tsara shi, ya kai shi maɗaba'a, ya kuma faɗi sunayen masu shi, ya yi abin da malami na kirki ya kan yi.

Suka na biyu ya fi nauyi, watau cewa shi ne ɗan gaban mulkin mallaka. Masu wannan magana suna kafa hujja da wani wuri cikin labarin tafiyarsa, inda ya yi fatan Faransa ta ba shi mayaƙan da za su ci Gabas duka domin Almasihu. Wanda ya karanta wurin duka zai ga maganar bishop-bishop da masu wa'azi ya ke yi. 'Yan ƙungiyarsa sun saba da kiran kansu mayaƙa, gama Loyola da ya kafa ta soja ne kafin ya zama malami. Bugu da ƙari, mun riga mun ce de Rhodes ba talakan Sarkin Faransa ba ne, a jirgin Fotugal ya tafi, kuma tsakanin rasuwarsa da ranar da jiragen yaƙin Faransa suka buɗe wa Da Nang wuta cikin 1858 akwai shekara 198. Ba a ɗaure mutum saboda abin da jikan jikan maƙwabcinsa ya aikata.

Duk da haka ruwa ba ya tsami banza, kuma ba za mu ce masu sukan ba su da abin riƙo ba. Ƙungiyar mishan ta Paris da ya yi dalilin kafuwarta, daga baya ta shiga harkar sarauta dumu-dumu. Wani bishop nata, Pigneau de Behaine, shi ya ƙulla yarjejeniya tsakanin Sarkin Faransa da wani ɗan gidan Nguyen cikin 1787, kuma kisan malaman mishan shi ne hujjar da Faransa ta kawo sa'ad da ta zo da yaƙi. Sa'an nan littafinsa na kwana takwas ya yi kaushin harshe ƙwarai a kan addinin Buddha da koyarwar Konfushiyas da sauran abin da mutanen ƙasar su ke girmamawa. Mutumin da aka ci mutuncin abin da kakanninsa suka riƙa, yana da hakkin ya yi jinkiri kafin ya sa sunan mai maganar a ƙofar gidansa. Abin da mu ke cewa shi ne a ɗora wa de Rhodes kayansa, kada a haɗa masa da na waɗanda suka zo bayansa.

Yadda Rubutun Ya Zama Na Ƙasa

Kada a zaci mutanen Biyetnam jahilai ne kafin zuwan Turawa. Sun zauna ƙarƙashin Sin wajen shekara 1,000, sun gaji rubutunta, da shi a ke aikin fada da shari'a, kuma tun 1075 a ke jarraba masu neman aikin sarauta da shi. Ban da wannan sun ƙago nasu daga baƙaƙen Sin domin rubuta harshensu, suna kiransa Nom. In mun kwatanta, rubutun Sin shi ne Larabcinsu, Nom kuwa shi ne ajaminsu. Da Nom Nguyen Du, wanda ya rasu cikin 1820, ya rubuta waƙar Kieu, wadda su ke ɗauka ita ce kan adabinsu. Wahalar Nom ita ce, sai mutum ya san dubban baƙaƙen Sin tukuna ya iya shi, saboda haka ya zama na 'yan ƙalilan.

Shi kuwa rubutun ƙamusun de Rhodes, shekara 200 ya yi bai fita daga farfajiyar coci ba. Ko Kiristocin ƙasar ma galibin littattafansu da Nom a ke rubuta su. Da Faransa ta ci kudu sai ta ga baƙaƙen nan sun fi mata sauƙi, kuma za su raba jama'a da tsofaffin malamansu. Aka fara buga jarida da su a Saigon cikin 1865, daga 1882 kuma aka wajabta su cikin aikin gwamnati a kudu. Malaman gargajiya suka ƙyamace su, suka ce rubutun maci amana ne. Duk wanda ya san yadda iyayenmu suka karɓi makarantar boko da fari, ba ya bukatar a yi masa bayanin wannan.

Sai al'amari ya juya. Farkon ƙarni na 20 masu kishin ƙasa, waɗanda da yawansu malaman gargajiyar nan ne, suka zauna suka yi lissafi. Suka ga manomi ya kan iya baƙaƙen nan cikin 'yan watanni, alhali rubutun Sin sai an yi shekaru. Suka ga kuwa ba a tashin jama'ar da ba ta karatu. Cikin 1907 suka buɗe wata makaranta ta kyauta a Hanoi suna koyar da sabon rubutu, suna kiran jama'a su farka. Faransawa suka gane inda aka dosa, suka rufe ta kafin ta cika shekara. Cikin 1919 aka yi jarrabawa ta ƙarshe da rubutun Sin. Cikin 1938 'yan ƙasa suka kafa ƙungiyar yaɗa sabon rubutu, wanda a lokacin an riga an saba kiransa Quoc Ngu, watau harshen ƙasa. Cikin Satumba 1945 kuwa, 'yan kwanaki bayan Ho Chi Minh ya yi shelar mulkin kai, gwamnatinsa ta ɗaura yaƙi da jahilci da baƙaƙen nan. Da su aka rubuta takardun da suka tara mutanen da suka kori Faransa cikin 1954. Yau cikin manya 10 na ƙasar fiye da 9 suna karatu da rubutu.

To, jama'a, rubutun nan na wa ne? Limami ya tsara shi domin wa'azi, mai mulkin mallaka ya ɗauke shi domin mulki, talaka ya karɓe shi ya nemi 'yancinsa da shi. Baƙi ba shi da ƙabila, ba shi da addini. Wanda ya zuba tunaninsa a ciki shi ne mai shi.

Abin Da Ya Shafe Mu

Labarinmu bai yi nisa da wannan ba. J. F. Schon, malamin mishan, shi ya buga nahawun Hausa cikin 1862 da ƙamus cikin 1876, alhali bai taɓa zama a ƙasar Hausa ba. Hausar da ya rubuta, da yawanta daga bakin Dorugu ya same ta, yaron nan da Dakta Barth ya tafi da shi Ingila. Ga yaron de Rhodes, ga Dorugu. Bayan haka gwamnatin Turawa ta zaɓi boko domin aikin ofis, Ɗan Hausa ya tsara ƙa'idodin rubutu cikin 1912, Bargery ya buga babban ƙamusunsa cikin 1934. Amma ba su ne suka mai da boko namu ba. Su Abubakar Imam da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Sa'adu Zungur, da akawunan En'e, da malaman da suka zauna da manya ƙarƙashin itace zamanin Yaƙi da Jahilci, su ne suka yi wannan. Saboda haka wanda har yau ya ke cewa boko kayan aro ne, ya tuna an daɗe da biyan kuɗinsa da gumin mutanenmu.

Amma akwai gefe guda na labarin Biyetnam wanda ya kamata ya ba mu tsoro. Sun sami karatu, sun yi hasarar mabuɗin ɗakin kakanninsu. Yau mutumin Biyetnam mai digiri ya kan tsaya gaban rubutun da ke jikin kabarin kakansa, ko littafin asalin gidansu, ko tsohuwar takardar gona, ya kasa karanta ko kalma ɗaya, sai ya nemi ƙwararre. Masu iya Nom sun zama ƙalilan ƙwarai, har gwamnati ta kafa cibiya ta musamman a Hanoi domin adana tsofaffin littattafai da juya su zuwa sabon rubutu. Wannan hasara ba de Rhodes ya jawo ta ba, gama bai hana kowa Nom ba. Masu harshen ne suka saki tsohon sa'ad da suka kama sabon.

Mu Allah ya yi mana sauƙi. Ajami ba ya bukatar dubban baƙaƙe, kuma duk yaron da ya yi makarantar allo ya riga ya riƙe rabin mabuɗinsa. Waƙoƙin Nana Asma'u da na malaman zamaninta, da wasiƙun sarakuna, da takardun fatake, da littattafan magani da ke cikin gafakar tsofaffi, duk suna nan, waɗansu a gidajen adana tarihi na Kaduna da Sakkwato da Kano, waɗansu kuwa gara tana cinsu cikin ɗakuna. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Muna kira ga malaman makaranta su koya wa yaro karanta Hausa da rubutun nan biyu, ko da darasi ɗaya ne a mako. Muna kira ga akawuna da ma'aikatan fada da na kotu, in tsohuwar takarda ta ajami ta faɗo hannunsu kada su jefa ta kwandon shara don ba su iya karanta ta ba, su kai ta inda za a adana. Da tsohuwar zuma a ke magani.

Game da titin Da Nang kuwa, maganar ta mutanen Biyetnam ce, su za su yanke. A birnin Ho Chi Minh, watau Saigon ta dā, akwai titi mai sunan de Rhodes, an taɓa cire sunan bayan haɗewar ƙasar, aka komo da shi cikin 1995. In da za a tambaye mu, sai mu ce yabon gwani ya zama dole, a sa sunansa, a sa na de Pina, amma a nemi titi na uku domin yaron nan da ya koya masa magana, da sauran 'yan ƙasa da suka zauna da Turawan nan suna maimaita musu kalma ɗaya sau goma har kunnensu ya kama. Mu ma duk inda aka ambaci Schon a ambaci Dorugu. Allah ya ba mu ikon riƙe sabo ba tare da yar da tsoho ba, amin.